Auna aikin gayyar tsafta a zangunan Akra

Aikin gayyar tsafta shi ne fitar da mazauna unguwa ke yi da kansu su share hanya, su yashe kwata, su kwashe bola. A Nima da Mamobi da Sabon Zango, masallatai da sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa ne ke kiran jama'a, majalisar gunduma kuma ta taimaka da shebur da baro da motar kwasa.

Gwamnatin Gana ta shigo cikin lamarin a Nuwamban 2014, lokacin shugaba John Mahama, bayan kwalarar da ta kashe fiye da mutum 200 a shekarar. Aka ware Asabar ɗin farko ta kowane wata domin tsafta a faɗin ƙasa. Watanni bakwai bayan haka, ranar 3 ga Yunin 2015, ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah suka hallaka mutane kusan 150.

Ma'aunin da aka fi yawan amfani da shi wajen auna nasarar gayyar, wato yawan waɗanda suka fito da tulin sharar da aka tara, shi ne mafi rauni. Yana nuna himmar wuni ɗaya kawai. Sau da yawa akan jibge yashi da ledar ruwan sha da aka ciro a bakin kwata, mota ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da su inda suka fito. Don haka mai aunawa na ƙwarai yakan dawo bayan mako biyu, ya sake dawowa a watan Yuni da damina ta kankama, ya ga ko ruwa na wucewa. Yakan tambayi nawa gida ke biyan mai aboboya, babur mai ƙafa uku da ke kwasar bola, da inda ake juye ta. Rajistar masu gudawa da zazzaɓin cizon sauro a asibitin unguwa ma shaida ce, ko da yake ba tsafta kaɗai ke motsa ta ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gayya. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi tana ɗauko shara daga unguwannin sama zuwa kogin Odo da tafkin Korle, ba adalci ba ne a ɗora wa 'yan Nima laifinta duka. Yashe irin wannan sai injin gwamnati, kamar a GARID, shirin rage ambaliya da shara a Akra da Bankin Duniya ya ba rancen dala miliyan 200 a 2019.