Rubutun makafi a cikin kwamfuta

Rubutun Braille, wanda aka fi sani da rubutun makafi, ɗige-ɗige ne masu tudu da ake karantawa da yatsa. Kwamfuta kuwa lamba kaɗai ta sani, shi ya sa aka ba kowace alama tata lambar domin a adana shi, a aika, a kuma buga.

Asali

An haifi Louis Braille a ƙauyen Coupvray na Faransa a 1809, ya ji rauni a ido yana ɗan shekara uku, daga nan ya makance. Ana jin ya tsara rubutun wajen 1824, ya wallafa shi a 1829. Kafin shi akwai tsarin Charles Barbier mai ɗigo 12, wanda ya fi ƙarfin kan yatsa ɗaya. Braille ya mayar da shi ɗigo shida, layi biyu a tsaye: 1, 2, 3 a hagu daga sama zuwa ƙasa, 4, 5, 6 a dama. Kamar gurbin dara ne, ko da ɗa a ciki ko babu. Hakan na ba da siffa 64, har da gidan da ba ɗigo ko ɗaya. Daga baya aka ƙara ɗigo na 7 da na 8 a ƙasa, siffofin suka kai 256.

Lambobin Unicode

A 1999 Unicode, wato tsarin da ke ba haruffan harsunan duniya lamba a kwamfuta, ta ware wa rubutun gurbi 256, daga U+2800 zuwa U+28FF. Kowane ɗigo da nauyinsa: na farko 1, na biyu 2, na uku 4, na huɗu 8, haka ake ninkawa har na takwas mai 128. Sai a tara nauyin ɗigon da suka taso, a ɗora a kan lambar farko, wato U+2800. Harafin k ɗigo na 1 da na 3 ne, jimla 5, lambarsa U+2805, siffarsa ⠅. U+2800 shi ne gida fanko, kuma manhaja ba ta ɗaukarsa a matsayin tazarar da ke raba kalmomi.

Siffa kawai Unicode ta adana, ban da ma'ana. Alamar ⠁ ita ce harafin a na rubutun boko, alif ce ga mai karatun Larabci, idan kuma alamar lissafi ⠼ ta gabace ta sai ta zama 1. Braille na Larabci ma daga hagu ake karanta shi. Saboda haka sai an sanar da manhaja harshen rubutun, ta bi jadawalin fassara irin na Liblouis, manhajar da ke mayar da rubutu zuwa Braille. A nan ne ɓ, ɗ da ƙ ke shan wuya: ba sa cikin ASCII, tsohon tsarin lambobin haruffan Turanci a kwamfuta, kuma jadawalin Turanci bai tanadar musu gida ba.

Tsohon tsari

Kafin Unicode an yi amfani da alamun ASCII guda 64, daga lamba 32 zuwa 95, kowace na wakiltar gida ɗaya mai ɗigo shida. Da wannan tsari ake yin fayil mai suna BRF da ake tura wa injin buga ɗigo, har yau. Mai ido da ya buɗe shi tarkacen haruffa zai gani.

A Nijeriya

Ƙasar ta karɓi haɗaɗɗen Braille na Turanci, UEB, a 2005. Ana koyar da rubutun a makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano. Ɗalibin da ya koma hutu ƙauyensu a Jigawa galibi allon rubuta Braille da tsinke ne a jakarsa, yana huda takarda daga dama zuwa hagu, ya juya ta ya karanta. Idan aka turo masa ⠅ ta waya, hoto ne kawai a kan gilashi, yatsa ba ya jin komai. Na'urar da ke taso da ɗigon tana da tsada, don haka akasari muryar TalkBack, manhajar da ke karanta rubutun waya a bayyane, ake saurare.