Waiwaye: ta wace hanya ruwan tudu ke isa rafi?

A 1933 injiniyan nan na Amurka, Robert Horton, ya ba da amsar da aka daɗe ana koyarwa: ƙasa tana da iyakar ruwan da za ta iya sha a lokaci guda, in sama ta zubo fiye da haka, ragowar sai ya malale ta saman gangare ya faɗa rafi. Bayani ne mai sauƙi, ya kuma yi wa masu lissafin ambaliya daɗi.

Sai dai waɗanda suka tsaya cikin kurmi ana tsuga ruwa ba su ga wannan malala ba. Ruɓaɓɓen ganye da ramukan saiwoyi sun shanye kusan komai, amma rafi ya cika. To ta ina? A dajin Coweeta da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, John Hewlett da Alden Hibbert suka cika wani dogon kwami na kankare da ƙasa a kan gangare, suka jiƙa ta sharkaf, suka rufe samanta. Fiye da wata huɗu ruwa na tsattsafowa daga gindin kwamin. Ashe gangare kansa rumbu ne.

A 1970 Thomas Dunne da Richard Black suka nuna a jihar Vermont ta Amurka cewa malalar tana faruwa, amma a gefen rafi, inda ƙasa ta riga ta ƙoshi da ruwa daga ƙarƙashi. Wannan fili yakan faɗaɗa in ruwa ya yawaita, ya tsuke in an ɗauke.

Abin da ya fi girgiza masana ya zo a 1979, lokacin da wasu masana biyu, Sklash da Farvolden, suka bi sawun oksijin mai nauyi da ke cikin ruwa, wato wani nau'in oksijin da yawansa ke bambanta sabon ruwan sama da tsohon ruwan da ke cikin ƙasa. Mafi yawan abin da ke kumbura rafi ranar da aka yi ruwa ba ruwan ranar ba ne; tsoho ne da ya daɗe kwance a ƙasa, sabo ya turo shi waje. Binciken da aka yi a yankin Maimai na ƙasar Niyu Zilan ya sake tabbatar da haka. Yadda ruwan da ya yi watanni a kwance ke fitowa cikin sa'o'i kaɗan, har yau ana ja-in-ja a kai.

Horton dai bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A ƙasa mai tauri da ba ta da ciyawa, ko wadda dabbobi suka tattake, ko kan kwalta, ruwa na gudu ta sama kamar yadda ya faɗa.