Ruwan gotarmu na Aboabo, ina yake zuwa?

'Yan'uwa mazauna Aboabo, Asawase da Sawaba, duk lokacin da muka shiga gidaje aikin duba tsafta, muka tambayi inda dattin da ake zubawa a gota yake zuwa, amsa ɗaya muke ji daga masu gida: "Ai ruwa ya tafi da shi." To, ina ya kai shi?

Gotar ƙofar gidanka tana zuba a rafin Aboabo. Rafin Aboabo da na Subin, wanda ya ratsa tsakiyar Kumasi, duk suna haɗuwa da Sisa, ita kuma ta faɗa kogin Oda a wajen Asago. Daga nan ƙauyuka ne jere a bakin ruwa. A can mata ke wanki, yara ke wanka, manoman rani ke cika bokitin ban ruwa suna shayar da latas da kabeji da albasa mai lawashi. Da asuba kayan nan sun iso kasuwa, kafin azahar an yanka su a kan wake da shinkafar da ɗanka ya saya. Ba a dafa latas. Ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin taifot da kwalara suna maƙale a ganyen, ido kuwa ba ya ganinsu.

Gidajen Kumasi kaɗan ne ke haɗe da bututun da ke kai ƙazanta wurin tacewa, irin na Asafo da Ahinsan da Chirapatre. Sauranmu masai ne da ramin tara ƙazanta, idan ya cika a kira tanka. Wurare irin Dompoase an tanade su ne don tankokin su sauke a can. Aikin wurin ba wani sihiri ba ne, tafkuna ne a jere. Na farko mai zurfi ne, a nan dasƙararren abu ke kwantawa ƙasa ya ruɓe. Na gaba ba su da zurfi sosai, don rana ta ratsa ruwan, gansakuka ta ba shi iska, ƙwayoyin cuta su mutu, ƙwan tsutsa ya nutse. Ruwan yakan ɗauki makonni kafin a sake shi. Wannan haƙurin ne mai buɗe ramin gidansa cikin dare idan ana ruwan sama ke tsallakewa, don gudun kuɗin tanka. Abin da ya yi tsiminsa na aljihu, wani ne zai biya shi a asibiti.

Masu gida, kada a haɗa bututun masai da gota. Idan kun kira tanka, ku tambayi direba inda zai sauke, kuma kada ku yarda da mai arha da zai juye a bayan gari. Iyaye mata, famfas na yara da leda da tsumma ba na ramin masai ba ne, su ke toshe tiyon tanka, su cika tafkunan kafin lokacinsu. Makanikai, baƙin mai yana kashe ƙananan halittun da ke cinye dattin ruwa, a tara shi a jarka.

Hajiyoyi masu sayar da abinci, na san gishiri kuka saba zubawa a ruwan wankin ganye, amma ɗan gishiri bai isa ba. A cire ganyen kabeji na waje a zubar. A wanke latas ganye-ganye da ruwan famfo mai gudu, sannan a jiƙa shi minti 10 cikin ruwan kal, wato vinegar, kal kashi 1, ruwa kashi 5. Ruwan da aka wanke na safe da shi kada a mayar wa na rana.

Manomi kuma ya sassauto da bokiti kusa da ƙasa don kada laka ta fantsama kan ganye, ya dakatar da ban ruwa kwana biyu ko uku kafin ya cire, gwargwadon yadda shukar za ta jure. Yaron da ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, a wuce da shi asibiti nan take.