Gawayin Tsirrai a Cikin Sufakafasita

Sufakafasita na'ura ce ta ajiyar wutar lantarki wadda take cika cikin daƙiƙoƙi, ta kuma saki wutar da irin wannan saurin. Ba kamar batir ba, ba ta dogara da sauyin sinadarai. Ayon, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, da ke cikin ruwan sinadarin da ake kira elektrolait ne suke taruwa a jikin farantanta guda biyu, wato elektrod, su manne. Saboda haka yawan wutar da za ta riƙe ya danganta da faɗin fuskar da ayon ɗin za su samu wurin zama. H. I. Becker na kamfanin General Electric ya yi rajistar irin wannan na'ura a Amurka a 1957, kuma kamfanin NEC na Japan ya fito da ita kasuwa a 1978.

Abin da ya dace da wannan aiki shi ne gawayi mai ƙananan ƙofofi, wanda giram ɗaya nasa kan kai faɗin murabba'in mita 1,000 zuwa 3,000. Mafi yawan wanda masana'antu ke amfani da shi daga ƙoƙon kwakwa ake yin sa, domin yana da tauri kuma tokarsa kaɗan ce.

Ana fara busar da kayan a niƙa, sannan a gasa su a tanderun da aka cika da iskar naitirojin don kada su ƙone su zama toka. Wannan gawayi na farko ƙofofinsa a toshe suke. Sai a gauraya shi da sinadarin fotashiyam haidroksaid (KOH) a sake gasawa a zafin digiri 700 zuwa 900, sinadarin ya ci jikin gawayin ya huda shi. Wasu kuma tururi suke bi da shi. Bayan an wanke da asid da ruwa, a kwaɓa garin da manni, a shafa a kan siririn fallen alminiyom. Girman ƙofofin shi ne asirin aikin: waɗanda ba su kai nanomita 2 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) su ne ke riƙe wuta, manyan kuwa hanya ce da ayon ke bi su shiga ciki. Idan hanyoyin suka yi ƙaranci, faɗin ya zama na banza.

Gawayi zalla ba ya riƙe wuta mai yawa, shi ya sa ake cakuɗa shi da manganis oksaid ko roba mai ɗaukar lantarki irin foliyanilin, waɗanda ke ƙara ajiya ta hanyar sauyin sinadari a saman fuskarsu. Ribar tana da farashi: waɗannan kayan suna kumbura su motse a kowace caji, don haka ba su kai gawayi zalla daɗewa ba, shi da yake jure caji sau dubban ɗaruruwa.

An gwada ɓawon gyaɗa, totuwar masara, tukar rake da buntun shinkafa, duk sun bayar da gawayi mai kyau a ɗakunan bincike. Buntu yana da sinadarin silika da yawa, irin wanda ke cikin yashi, idan aka narkar da shi ya bar ramuka a baya. Matsalar sharar gona ita ce ta bana ba ta zama daidai da ta bara, masana'anta kuwa kaya iri ɗaya take so kullum; a nan kwakwa ta sha gabansu.

Har yanzu sufakafasita ta kasuwa takan riƙe wat-awa (ma'aunin yawan wutar da aka ajiye) 5 zuwa 10 ne a kowane kilo, batirin litiyom kuma ya haura 150. Shi ya sa ake sa ta inda ake buƙatar ƙarfi nan take, kamar motocin bas na Shanghai da ke shan caji a tasha yayin da fasinjoji ke hawa.