Amsa-amo, kari da maimaici a rubutacciyar waƙar Hausa

Amsa-amo da kari da maimaici su ne ma'aunan da ake fara ɗora wa rubutacciyar waƙa in za a yi nazarin tsarinta, kafin a taɓo jigo ko salo.

Tarihi

Ilimin awon waƙa, wato aruli, malamin Larabci Khalilu bin Ahmad na Basra ya tsara shi a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, daga baya wani malami, Akhfash, ya ƙara ɗaya suka zama 16. Ta hannun malamai ya iso ƙasar Hausa, ba a tsayar da shekara ba, amma dai a ƙarni na 19 ne abin ya bunƙasa, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754 zuwa 1817) da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da ɗansa Isa suka riƙa zuba wa'azi da fiƙihu cikin waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa don mai karatu da marar karatu duk su haddace. Asma'u ta bai wa jajojinta, wato mata masu yawon koyarwa, irin waɗannan waƙoƙi su koya wa 'yan taru, wato mata ɗalibansu, a ƙauyuka, to ka ga dole waƙa ta zauna a baki. Karuruwan da aka fi bi su ne Kamil, Basiɗ, Wafir, Mutaƙarab da Ramal.

Kari

Gaɓa ake ƙirgawa, mai nauyi (mai dogon wasali ko mai ƙarewa da baƙi) da marar nauyi, sannan a haɗa su ƙafa-ƙafa. Nan boko ke ruɗa ɗalibi tunda ba ya nuna tsawon wasali: garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, alhali "ga" ɗin na farko gajere ne na biyu dogo, ajami kuwa yakan bambance. Ga kuma batun Sakkwatanci, marubuci ya ce "sunka" mai juyawa zuwa boko ya gyara masa ya sa "suka", shi ke nan gaɓa mai nauyi ta koma marar nauyi, sai a zo ana cewa ɗangon, wato layin waƙar, ya karye bayan ba laifin mai waƙar ba ne. Shi ya sa malamai ke cewa a rera kafin a yanka ɗango gaɓa-gaɓa. Ko duk karin Hausa daga Larabci yake? Ana saɓani, wasu masana na ganin waƙar baka ma ta ba da nata.

Amsa-amo

Babba, wato ƙafiya, shi ne gaɓar da ke rufe kowane baiti, kamar rana, kwana, gona. Ƙarami yana cikin baiti, ya fi fitowa a ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyar, inda ɗango huɗu ke amsa juna na biyar ya koma ƙafiya. Masanin waƙar Hausa Dalhatu Muhammad ya yi rubutu kan amsa-amon karin sauti.

Maimaici

Kalma ko amshi ko ɗango sukutum ake maimaitawa. A Tabban Haƙiƙa, wadda ake cewa Shehu ya yi da Fillanci Asma'u ta mayar Hausa, da waɗannan kalmomi biyu ake rufe baitocin.