Fiɗar ƙari ta hanci ko ta baki: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tunda mutanen unguwa suka san ina aiki tare da likitocin ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, wayata ba ta hutawa, kuma tambayoyin dai su ne su ne. To ga su na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake kirana nan zan turo shi.

Wai da gaske ana cire ƙari daga cikin kai ba a tsaga kan ba?

Da gaske. Ana zura wani siririn ƙarfe mai fitila da kamara, andoskop sunansa, kaurinsa milimita 4, ta ƙofar hanci ko ta baki, likita na kallon allo yana aiki da 'yan kayan fiɗa masu dogon hannu. Haka ake kai wa ga ƙarin da ya ɓuya bayan hanci, ko ƙasan ƙwaƙwalwa, ko can gindin harshe.

Sabon abu ne, gwaji za a yi da mu?

A'a. Tun 1992 likitoci a Nansi ta Faransa suka cire ƙarin ipofiz ta hanci da andoskop. Ipofiz 'yar ƙwaya ce kamar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, ita ke juya sinadaran jiki.

Kenan ƙaramin aiki ne?

Wannan tambayar ce ke tayar mani da hankali. Ƙofar ce ƙarama, aikin babba ne. Kusa da wurin akwai jijiyar gani da babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Sai a sallami mutum, dangi su zo dubiya su ga ba ɗinki a fuska, su ce ai lafiyarsa lau, gobe ka gan shi bisa kabu-kabu zai tafi kasuwar Dole. Don Allah ku bari.

Kowane ƙari ake yi wa haka?

A'a. Sai an yi sikana da IRM, wato hotunan cikin jiki da ake ɗauka da inji, an ga girmansa da inda ya kama, sau da yawa kuma a ɗebi ɗan nama a auna. In ya naɗe jijiya ko ya bazu gefe, dole a buɗe ta waje. Kansar bayan hanci ma ba wuƙa ce maganinta na farko ba, gashi ne da hasken inji, wato radiyoterapi, kuma tun 2021 ana yin gashin a cibiyar kansa ta ƙasa a Yamai.

Yarona ɗan shekara 15 yana yawan haɓo, hanci ɗaya a toshe. In kai shi wurin wanzami?

Kul! Akwai wani ƙari mai cike da jijiyoyin jini da ke kama samari maza a wannan shekarun, ba ciwon daji ba ne, amma in aka taɓa shi da aska jinin ba ya tsayawa. Su kansu likitoci galibi sai sun toshe jijiyar da ke shayar da shi kwana ɗaya ko biyu kafin su shiga. Kai shi ORL, Malam. Ba kowane haɓo ne wannan ba, kada ka kasa barci, amma a duba.

Mutum-mutumi ne ke yin fiɗar?

Likita ne. Injin da Vinci da kuke gani a Facebook hannu ne kawai da likita ke tuƙawa, Amurka ta amince a yi aikin maƙogwaro da shi ta baki a 2009. Aikin hanci bai buƙatarsa.

Bayan aiki yaushe zan koma sujada da alwala kamar da?

To nan fa ba ni da amsa ɗaya, duk wanda ya yanke maka rana bai ga takardarka ba ƙarya yake. Ya danganta ko an huda fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa. In ba a huda ba, wataƙila sati ɗaya zuwa biyu likita ya sake ka. In an huda, to an yi faci, yawanci da fatar bangon tsakiyar hancinka, dabarar da aka fito da ita a 2006 wadda ta rage yoyon ruwan ƙwaƙwalwa sosai, kuma facin nan sai ya yi makonni kafin ya kama, wani likitan ya ce huɗu wani ya ce shida, ka bi na wanda ya yi maka. Duk abin da ke tura nauyi zuwa kai yana iya ɓalle shi: sunkuyo, fyace majina, yunƙuri a bayi, ɗaukar bidon ruwa. Atishawa in ta zo buɗe baki ta fita. Salla a zaune da nuni, malamai sun san rangwamen marar lafiya, shaƙa ruwa a alwala kuma a Malikiyya sunna ce, barinta ba ya ɓata alwala, amma tambayi malaminka don ranka ya kwanta. Wani dattijo ya ce mani kunya yake ji a gan shi bisa kujera a masallaci, na ce Baba, yi a gida, sati nawa ne duka. Sai kuma hanya: in a Yamai aka yi, kusan kilomita 900 ne a kar da gargada, ni dai da so samu ne a zauna can har a cire abin da aka cusa a hanci a sake dubawa, ko da yake na san zaman baƙunta kuɗi ne. Lokacin hunturu a sa takunkumi, a yi ta wanke hanci da ruwan gishirin farmasi yadda aka nuna, ba wanda aka dama a gida da ruwan randa ba.

Me zan gani in koma asibiti da gudu?

Ruwa garau kamar na pampo yana ɗiga ta hanci ɗaya, mai gishiri-gishiri a maƙogwaro. Zazzaɓi da sandarewar wuya, mu a Damagaram ba sai an koya mana sanƙarau ba. Gani ya dushe. Ƙishirwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa bayan aikin ipofiz. Ko tsakar dare ne, a tafi.

Zan daina jin ƙamshi?

Na ɗan lokaci, yawanci yana dawowa. In ƙarin ya ci jijiyar sansana, ba ya dawowa.

Nawa ne?

Ban riƙe kes ba. Tambayi inda za a yi, kuma a haɗa da kuɗin IRM da magani da masauki.