Waiwaye: Girgizar ƙasa ta ƙaru ne, ko kunnuwa ne suka yi yawa?

Bayan girgizar Turkiyya a Fabrairun 2023 da ta Maroko a Satumba, da wuya ka zauna fadar shayi a Yamai ba ka ji wani ya ce abin nan fa ya yawaita ba. Masana sun fi shekara 100 suna fama da wannan magana, da alƙalami da lissafi.

Fusakichi Omori na Japan ne ya share fage. Ya ƙirga ƙananan girgizar da suka biyo bayan babbar ta Nobi ta 1891, a 1894 ya nuna cewa rututu suke zuwa da farko, sannan su yi ta ja baya bisa ƙa'ida. A 1944 wasu masana biyu a Amurka, Gutenberg da Richter, suka gano cewa duk maki ɗaya da aka hau a ma'aunin ƙarfin girgiza, yawan girgizar kan ragu kusan sau 10. Yosihiko Ogata ya haɗa biyun a 1988: kowace girgiza tana iya haifar 'ya'ya, 'ya'yan su haifi jikoki. Sai an ware wannan zuri'a gefe, an dubi saura, kafin a ce wani yanki ya sauya hali. Ga kuma tarko: da an ƙara na'urorin auna girgiza, ƙananan da a da ke wucewa shiru sai su shiga rajista, adadi ya kumbura alhali ƙasa tana yadda take.

Amma akwai inda sauyin ya tabbata. Jihar Oklahoma ta Amurka, kafin 2009, kan ga ɗaya ko biyu masu ƙarfin maki 3 a shekara. A 2015 sun haura 800. Bincike ya ɗora laifin kan gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai da ake durawa can ƙarƙashin ƙasa; da aka taƙaita durawar, adadin ya sauka. An iya kama zaren ne don akwai tsohuwar rajistar da za a gwada da ita.

Mu nan Nijar ƙasarmu a natse take, ba kamar Gini ba, wadda ta sha wuya a 1983. Duk da haka a Torodi akwai tashar sauraron motsin ƙasa, cikin jerin masu sa ido kan gwajin nukiliya. Ni dai da za a ji ta tawa, da an fara tara bayanan kewayen madatsar ruwa ta Kandaji da ake ginawa a kogin Kwara tun ba ta cika ba, tunda ta Koyna a Indiya sai da ta tara ruwa ƙasa ta girgiza a 1967.